Ciyawar shuka don shanun nama: ina ya kamata bincike ya sa gaba?

Tambayar ta fito daga wani matashi a Kaduna da ya gama digirin farko a fannin kiwon dabbobi, yana shirin komawa na biyu. Ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu fili a hanyar Kachia, shi da yayyensa sun zuba shanun nama guda ashirin, suna so su rage dogaro da kiwon daji su shuka ciyawa. Burinsa binciken da zai yi ya zama wanda gonarsu da ire-irenta za su mora. Sai ya ce: "Malam, a harkar ciyawar shuka ta ƙasashe masu zafi, wane bincike ne ya fi cancanta a sa gaba? Ni dai hankalina ya fi kwanciya da gwada sababbin iri na waje, in ga wacce ta fi yawa."

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Zan fara da abin da ba lalle ya yi maka daɗi ba. Gwajin nan na "wacce ta fi yawa" an yi shi har an gaji. Tun 1928 ake aikin dabbobi a Shika kusa da Zariya, kuma tun kafin wurin ya zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a 1976 ake shigo da ciyayi ana jera su a 'yan filayen da ba su fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. A yanka duk bayan sati shida, a busar, a auna, a lissafa tan nawa ke nan a hekta. Ni ma na yi irinsa a farkon aikina, kuma ban ce aikin banza ba ne, domin ta nan muka tabbatar ciyayin shuka irin su birakeriya da dijiteriya da ciyawar Rodis duk suna yi a ƙasarmu. Sai dai amsar da yake bayarwa amsar watan Agusta ce, a Agusta kuwa babu saniyar da ke kwana da yunwa a jihar Kaduna. Ko a gefen titi ka ɗaure ta za ta ƙoshi.

Ka je garkenku a ƙarshen Maris ka tsaya ka duba. Tozon bijimi ya kwanta gefe guda kamar hular da aka zauna a kai, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa, gashi ya yi buzu-buzu. Ka duba kashin da suka yi da dare: maimakon ya baje a ƙasa, za ka gan shi a tsaye dunƙule-dunƙule, busasshe, in ka murje shi da sanda duk zare ne. Binciken da zai amfane ku shi ne wanda zai canza wannan abin da ka gani.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Sa mai kilo 250 yana cin abin da ya kai kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinsa a busasshen abinci kullum, wato kilo 6 da 'yan kai. A Zariya ruwa yakan zauna daga Mayu zuwa farkon Oktoba, milimita dubu da ɗoriya. Wajenku ta Kachia ya ɗan fi haka yawa da daɗewa. Ka ɗauki rani kwana 180. Sa guda zai buƙaci sama da tan ɗaya, ashirin ɗinku sama da tan 22, ban da abin da za su tattake, da wanda gara za ta ci, da wanda iskar hunturu za ta kwashe.

Yawan ma da sauƙi. Tumbin saniya gida ne na wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa, ita saniyar tana rayuwa ne da abin da suka sarrafa. Waɗannan halittu ba sa aiki sosai sai furotin ɗin abincin ya kai wajen kashi 7 cikin ɗari. Ciyawa tana ɗanya sharaf a farkon damina ta wuce haka. Da zarar ta yi kara, ta fid da kai, ta bushe a tsaye, sai ya faɗo kashi 2 ko 3. Daga nan abinci ya riƙa daɗewa a tumbi, saniya ta rage ci, ga ciyawa har wuya amma tana ramewa. Sa ya tara nama a damina ya zubar a rani, ya sake tarawa ya sake zubarwa, har ya shekara biyar bai kai girman da ya kamata ya kai a shekara uku ba. Ka kawo ciyawar da ta ninka gamba yawa, in ita ma a watan Maris kara ce zalla, ba ka raba shi da wannan hawa da saukar ba.

Don haka da ni ke rabon kuɗin bincike, kaso mafi tsoka zai tafi ga tambaya guda: yaya za a yi dangin wake su zauna a cikin makiyaya su daɗe? Ina nufin tsirrai irin su sitailo da sentirosima da lablab, masu 'yan ƙuraje a saiwa da ke jawo naitirojin, sinadarin nan da ke cikin takin yuriya, daga iska. Ganyensu yana riƙe furotin har cikin rani, kuma suna taki ƙasa kyauta. Shuka su ba wuya. Riƙe su shekara biyar, shekara goma, a ƙarƙashin kofaton shanu, nan ake yin ta.

Kuma a maƙwabtanku aka yi gwajin da ya fi kowanne koya mana darasi. A shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, ILCA, wadda daga baya aka haɗe ta da wata ta zama ILRI, tana da ofishi a Kaduna, tana aiki da Fulani mazauna Kurmin Biri a makiyayar Kachia da kuma Abet. Dabarar da suka fito da ita muna iya kiranta rumbun ciyawa. A killace wajen hekta 4 kusa da ruga. Maimakon a kawo tarakta, sai a riƙa kwanar da shanu a wurin suna tattake ƙasa suna zuba taki. A jiƙa irin sitailo a ruwan zafi don ɓawonsa ya yi laushi, a watsa. A farkon damina a saki shanu su cinye ciyawar da ke neman rufe shi, sannan a rufe wurin sai rani, a riƙa shigar da shanu awa biyu zuwa uku a rana, musamman masu ciki da masu shayarwa. Abin ya yi aiki. Shanu sun rage faɗuwa, maruƙa sun rage mutuwa, masarar da aka shuka a tsohon rumbun ta fi ta gefe kyau ko da an rage mata taki.

To yau ka zaga ka ƙirga guda nawa suka rage. Dalilan lalacewarsu su ne jerin binciken da ba a kammala ba. Babba a ciki abin dariya ne in ka yi tunani: sitailo yana tara naitirojin a ƙasa, naitirojin kuwa shi ne abin da ciyawa ta fi so. Shekara biyu ko uku, kyasuwa da 'yan'uwanta sun sami daɗi, sun taso sun yi masa rumfa. Da hannunsa yake kiwon wanda zai kore shi. Makamin da kake da shi a nan bakin saniya ne, domin a farkon damina ta fi son ɗanyar ciyawa, takan tsallake sitailo. Amma shanu nawa a hekta? Kwana nawa? A wane sati za a fitar da su don kada su koma kan sitailon yana shirin fure? In ka yi sakaci ciyawa ta rufe shi, in ka matsa ƙasa ta yi fili ciyayin da dabba ba ta ci su mamaye, an yi gudun gara an faɗa zago. Amsar da ta dace da Kachia mai ruwa da yawa ba za ta dace da Makarfi ko Ikara ba, kuma har yau makiyayi ba shi da wata ƙa'ida mai sauƙi da zai riƙe, irin "in ciyawa ta kai gwiwa ka saki, in ta koma idon sawu ka fitar".

Akwai wani awo da ba kasafai ɗalibai ke yi ba don ba shi da armashi, ni kuwa na fi yarda da shi. Sitailo irin Verano ba ya daɗewa a raye, da irin da ya zubar yake dawowa kowace shekara. Saboda haka a ƙarshen rani ka ɗauki gwangwanin madara da aka cire wa gindi, ka danna shi a ƙasa wurare da yawa, ka kwashe ƙasar, ka tankaɗe da rariya, ka zauna a inuwa da faranti ka ƙirga 'yan ƙwayoyin nan masu ƙugiya. Yini guda za ka yi wuyanka na ciwo. Amma lambar da za ka samu za ta gaya maka ko makiyayar tana da gobe, tun shekara guda kafin ido ya gani.

Sai takin sufa. Ƙasarmu ta wannan yanki matalauciya ce a fosfaras, kuma dangin wake sun fi ciyawa jin rashinsa. In ka ga shanu suna tsintar ƙashi suna taunawa a rani, yawanci abin da jikinsu ke nema ke nan. An san sufa yana tayar da sitailo, har da sulfar da ke cikinsa tana taimakawa. Abin da mai gona yake son ji daban ne: mene ne mafi ƙarancin buhun da zai sa, kuma duk shekara nawa, a farashin taki na yau? Manomin da ya sha wuya kafin ya sayi kamfa da yuriya na masararsa ba zai zuba wa ciyawa buhu uku ba don wani ya rubuta a littafi. Ka nemo masa inda rabin buhu ke biyan kuɗinsa a jikin sa, ka yi masa aikin da zai gode maka.

Game da sababbin iri, ban hana ka ba, amma ka canza abin da kake nema a jikinsu. A Ostireliya sun taɓa dogara da sitailo iri ɗaya, na Townsville, ya bazu a fili mai yawan gaske. A shekarun 1970 cutar antiraknos, wata cutar ɗigon ganye da kara, ta shigo ta share shi. Mu ma nan irin Cook da aka fara da shi ya sha kashi a hannunta, shi ya sa aka koma Verano, wanda asalinsa daga Benezuwela yake. A Birazil cibiyar binciken noma ta Embrapa ta fitar da birakeriya mai suna Marandu a 1984 don tana jure wani ƙwaro mai kumfa da ya addabi wadda ta gabace ta. Aka shuka ta a miliyoyin hekta, daga baya ta riƙa mutuwa a wuraren da ruwa ke kwanciya. In duk jihar Kaduna ta rataya a kan Verano da birakeriya iri guda, rana ɗaya cuta za ta yi mana sallama. Don haka a gwada wasu dangin waken, kamar kasiya irin Wynn, da sentirosima, da lablab, a ƙasa mai tsakuwa da ta fadama da jar ƙasa, amma a auna su da wa ya rage bayan shekara huɗu ana kiwo a kansa, wa ya riƙe ganye zuwa Maris, wa ya zubar da irin da zai dawo da kansa.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke raina na gida. Gambar nan da ake yanka a yi zana, daga Shika aka ɗauki irinta aka kai cibiyar binciken noma ta CIAT a Kolambiya. A 1980 aka fitar da ita ga manoman can da sunan Carimagua 1, Birazil ma ta fitar da ita da sunan Planaltina, don tana jure fari da ƙasa mai tsami marar ƙarfi. Mu da muka ba su muna da sauran aiki wajen tace tamu. Ka bi hanyar Zariya zuwa Birnin Gwari ko ta Saminaka a watan Oktoba ka lura da gindin gamba: wata mai faɗin ganye, wata mai gashi, wata ta riga ta yi kai, wata ko alama. Wadda ke jinkirin fid da kai ta fi daɗewa da daɗi a bakin saniya. Tattaro waɗannan, a shuka su wuri guda, a zaɓi mai ganye da jinkirin fure, aiki ne da ba ya buƙatar dala. Haka gadagi, da masu doki da masu kiwon rago suke saye dami-dami da tsada. Dangin wake ne, namu ne, ya san ƙasarmu, amma ban ga an ɗauke shi da muhimmancin da ake ba baƙi ba. A gefe guda kuma gambar tana da wani darasin: da aka kai ta arewacin Ostireliya ta tsere daga gonaki ta zama annoba, wutar dajinta tana kashe itatuwa. Abin da ka shigo da shi daga waje kai ma zai iya yi maka haka.

Na san za ka tambaye ni Super Napier, tunda kowa yanzu ita yake tallatawa a Facebook. Tana da yawa, ba musu. Amma ciyawar yanka ce mai son ruwa da taki kamar rake. Mai shanun madara da ke da rijiyar burtsatse zai ji daɗinta. Shanu ashirin na nama a tudu ba ban ruwa, a watan Maris za ka tarar da ita a tsaye tana jiran sama kamar kowa.

Abu na gaba ba ya bayyana sai an daɗe, shi ya sa digirin shekara biyu ba ya kama shi. Makiyayar ciyawa zalla takan yi kyau shekarun farko, sannan ta riƙa ja da baya: ganye ya yi fari-fari, tsawo ya ragu, ta daina yin iri. Mai gona ya ce ƙasa ta gaji, ko irin ne ba shi da kyau. Abin da ya faru shi ne naitirojin ɗin da huɗar farko ta saki ya koma ya ƙulle a cikin saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, yana nan amma ciyawa ba ta iya kai masa. A jihar Kwinsilan ta Ostireliya wannan ya zama babbar damuwar masu shanun nama da suka shuka ciyawar bafel, har amfanin makiyaya yakan ragu da kusan rabi, kuma maganin da suka fi amincewa da shi mai ɗorewa shi ne dai cusa dangin wake a ciki. Birazil kuwa ta bi ta hanyar juya gona: a shuka birakeriya a tsakanin masara, a girbe masara, shanu su shiga, bayan 'yan shekaru a sake nomawa. Wannan ta fi kama da rayuwarmu, tunda Kaduna ƙasar masara ce, kuma ba wanda zai ba ciyawa gonarsa mai kyau ita kaɗai. Tambayoyin a buɗe suke: sati nawa bayan shuka masara za a watsa ciyawa ko lablab don kada su danne ta? Ya za a yi da maganin feshin da manoma ke sa wa masara, wanda ke kashe dangin wake? Ciyawar za ta ci ragowar takin masarar ne, ko sai an ƙara mata?

Kada kuma ka manta da harawa. Manomin Kaduna ya riga ya san shuka abincin dabba, sunansa wake da gyaɗa. Irin wake na SAMPEA da irin gyaɗa na SAMNUT da cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru ke fitarwa, akwai masu ba da ƙwaya da harawa tare. Ciyawar shukarka da harawa za ta yi gasa a kan fili da ƙwadago, in ba ta fi ta riba ba manomi ba zai kalle ta ba.

Yanzu iri. Wata shekara na sayi buhunan irin birakeriya a hannun wani ɗan kasuwa, ba zan faɗi wurin ba, na biya tarakta, na sa yara suka watsa a hekta uku bayan ruwa mai kyau. Sati uku ina zuwa ina durƙusawa ina leƙen ƙasa kamar mai neman allura. Abin da ya fito bai fi a ƙirga da yatsu ba, sauran duk tofa da ciyayin daji. Da na koma kan ragowar buhun na murza a tafin hannu na hura, kusan duka ya tashi. Ƙaiƙayi na saya da kuɗina. Laifina ne, don gwajin bai fi ƙarfin kowa ba: ka ƙirga ƙwaya ɗari, ka jera a jiƙaƙƙen tsumma a faranti, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa, bayan sati biyu zuwa uku ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Damina guda ta tafi, araha ba ta ado.

Amma matsalar ta wuce ɗan kasuwa guda. Irin ciyawa ba ya nuna lokaci ɗaya kamar dawa. Na sama yana zuba na ƙasa bai yi ƙwari ba. Irin gamba gashi ne da shi, ba ya bin injin shuka, iska ke raba shi. Na birakeriya yana barcin watanni bayan girbi, wanda aka girbe bana ka shuka nan take ba zai fito sosai ba, wanda ya kwana biyu a ɗaki mai zafi kuma ya mutu. Yaushe za a girbe kowanne a yanayin Kaduna, yaya za a sheƙe shi, a me za a adana shi, wa zai duba ingancinsa kafin ya shiga kasuwa: in ba a warware waɗannan ba, duk sauran binciken a takarda zai tsaya. Kuma sana'a ce. Tsintar irin sitailo daga ƙasa da tsintsiya da rariya aikin rani ne da mata da matasa za su ci abinci da shi, in akwai mai saye tabbatacce.

Ingirici, wato ciyawar da ake yanka a busar don rani, shi ma yana da tasa sarƙaƙiyar. Lokacin da ciyawa ta fi amfani, ƙarshen Agusta zuwa Satumba, marka ake yi, in ka yanka ruɓewa za ta yi. Lokacin da rana ta buɗe a ƙarshen Oktoba ta riga ta tsufa. Ko dai a nemo irin da ke jinkirin tsufa, ko a yi kiwo ko yanka a tsakiyar damina don sabon tohon ya zo daidai da ɗaukewar ruwa, ko a koma binne ɗanyar a rami ta tsumu. Kowanne yana son a gwada shi da lauje da amalanke, kayan da mutane ke da su.

Duk abin da za ka gwada, ka sa saniya a ciki. Wannan ne ya fi tsada, shi ya sa ake gudunsa: shinge, ruwan sha, mai gadi, sikeli. In ba sikeli, tef ɗin awon ƙirji ya wadatar in mutum ɗaya ke awon, da safe kafin su sha ruwa. Ka yi da Bunaji, farar saniyar da mutanenmu ke riƙe da ita, ka yi musu maganin tsutsa da kaska da sammore tukuna don kada ka ɗora wa ciyawa laifin cuta. In akwai tumaki a gonar ka sa ido, wata birakeriyar tana taɓa musu hanta, fuska da kunnuwa su kumbura in rana ta doke su. Sannan ka bi sa har kara. A Zango ko Anchau ba a ɗora sa a sikeli, dillali da mahauci da ido da tafin hannu suke saye, su shafa gadon baya su kama gindin wutsiya. Kilo talatin da ka hana shi zubarwa a rani, naira nawa ya zama a bakin dillali? Wane wata ne bambancin ya fi fitowa, ana gab da azumi, ko Babbar Salla, ko Kirsimeti? Sa mai ƙiba a watan Afrilu, lokacin da kowa ramammu yake kawowa, wata hajar ce daban. Wannan lissafin ne zai sa yayyenka su yarda su sake sa kuɗi baɗi.

Akwai kuma abubuwan da mu masana ciyawa muke kauda kai mu ce ba fagenmu ba ne, alhali su suka fi kashe makiyaya. Wuta: yaro mai farautar gafiya da ashana ɗaya zai cinye tan 22 ɗin nan cikin awa guda a watan Janairu. Faɗin hanyar wuta nawa ya isa, yaushe za a share ta, ko ƙona gefe da wuri tun ciyawa na da ɗanshi ya fi? Shinge: waya mai ƙaya ta yi tsada, gara na cin turaku, ɓarayi na kwance wayar. Aduruku da bi-ni-da-zugu suna kamawa in an dasa, amma shekara nawa kafin su tare sa mai yunwa da ya hango kore? Sai ƙasa. An yi dokar keɓe makiyaya a Arewa tun 1965, amma mutumin da bai tabbata baɗi yana wurin ba, ko don rashin takarda ko don rashin tsaro, ba zai shuka abin da sai shekara ta biyu zai more shi ba. Ku kuna da sa'a filin naku ne. Ka je ka gaida Ardon da ke kusa da ku tun kafin ka kafa turke ɗaya, ka tambaye shi inda burtali ya bi. Zai kuma gaya maka wace ciyawa ke sa nono, wacce ke sa zawo, wane itace suke sassabe wa shanu a bazara, kawo ko maɗaci ko madobiya, ilimin da ba za ka samu a ɗakin karatu ba.

Batun itatuwan kiwo na shuka irin lukina, yana da kyau a ƙasa mai zurfi marar tsami, amma yana jinkirin kamawa, awaki da gara ba sa barinsa, ba zan sa shi a gaba ba a gonarku. Batun auna iskar da shanu ke fitarwa da leƙen makiyaya daga tauraron ɗan'adam, masu ba da tallafi daga waje suna so, in ka samu ka karɓa, amma ka tabbata awon nauyin shanun yana ciki.

Da ni ne kai, ga abin da zan kai wa malamin da zai duba ni. Fili kashi uku a gonarku: gamba zalla, gamba da sitailo, gamba da sitailo da ɗan sufa, kowanne a maimaita shi aƙalla sau biyu don kada bambancin ƙasa ya ruɗe ka. Shekarar farko ta kafuwa ce, kada ka yi gaggawar sa shanu. Daga Disamba zuwa saukar ruwa ka riƙa shigar da 'yan bijimai masu kai ɗaya, awo duk sati biyu, ƙirgar iri a ƙasa a ƙarshen rani, kuma ka rubuta kowace naira da ta fita, har kuɗin shayin mai gadi. Digirin zai ƙare kafin ka ga ko sitailon zai kai shekara ta huɗu, saboda haka ka kafa turakun ƙarfe a kusurwoyi, ka zana taswirar filin a littafi mai bango, ka roƙi malamin naka ya turo wani ɗalibin ya ɗora daga inda ka tsaya. Irin kuwa ka nema a Shika tun watan Fabrairu, ka yi gwajin faranti kafin ka biya kuɗin tarakta.